Masu Rauta da Masu Hawa Dutse

Akwai wani rukunin mutane da ya yawaita a Kaduna da Abuja da Kano cikin 'yan shekarun nan, waɗanda hirarsu ba ta wuce na'ura. Injiniyoyi ne da ma'aikatan banki da likitoci, da masu rubuta manhaja da ke karɓar albashi da dala suna zaune a Barnawa ko Gwarinpa. Idan suka haɗu, ko a zaure ko a dandalin WhatsApp, zancen shi ne wace rauta ce ta fi ratsa bangon siminti, ko ya dace a ja waya zuwa kowane ɗaki, ko a sayi 'yan tagwayen rautocin nan masu miƙa wa juna sigina, ko kuwa lokaci ya yi da za a ajiye Wi-Fi 6 a koma Wi-Fi 7. Wani ya ɗora farantin Starlink a kan rufi. Wani ya haɗa layi biyu, domin in ɗaya ya yanke ɗayan ya karɓa ba tare da yaran gida sun lura ba. Akan ɗauki hoton ma'aunin gudun intanet a watsa wa abokai, kamar yadda manomi ke nuna dami a bakin rumbu.

Son na'ura ba aibu ba ne, kuma wanda ya sami halalinsa yana da ikon kashe shi inda ransa ke so. Hasali ma, a cikin masu ilimin zamani na Arewa da wuya a sami rukunin da ya fahimci yadda sadarwa ke aiki kamar wannan. Sun san bambancin mitar gigahaz 2.4 da ta gigahaz 5, sun san dalilin da ya sa sigina ke mutuwa a bayan tankin ruwa, sun iya lissafin batir da farantin sola fiye da mai sayar da su. Abin takaicin shi ne wannan ilimi duka ya ƙare a bakin get. Katangar gida ita ce iyakar taswirarsu, alhali wurin da ake bukatar ilimin, bukata irin ta rai da mutuwa, yana yamma da Kaduna, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka ta hanyar Buruku da Udawa.

Kafin a isa can, ya kamata a duba abin da ake saye ɗin. A watan Janairun 2024 aka fara ba na'urori shaidar Wi-Fi 7. A rubuce, gudunsa na iya kaiwa gigabit 46 a daƙiƙa ɗaya. Layin da ke shigo da intanet gidan mai hali a Nijeriya kuwa, ko na fayiba ne ko na tauraron ɗan'adam, in ya ba da megabit 100 zuwa 200 an gode wa Allah. Rauta ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ya shigo take rarrabawa, saboda haka mai wannan na'ura ya sayi bututu mai faɗin kwalbati ne ya jona shi da famfon banɗaki. Kuma ko famfon ma ya fi ƙarfin bukatar gidan. Kallon fim mafi tsabtar hoto bai wuce megabit 25 ba. Kiran bidiyo yana cin 3 ko 4. Kiran murya a WhatsApp bai kai kashi ɗaya cikin goma na megabit ɗaya ba, cinikin POS kuwa bai kai nauyin hoto guda ba. A gefe guda, katin hoton kwamfuta da masu sha'awar wasanni ke mafarkinsa, RTX 5090 na kamfanin Nvidia, ya fito a Janairun 2025 a kan dala 1,999, kuma shi kaɗai yana iya shan wuta har wat 575. Wannan adadi na ƙarshe zai yi amfani a gaba.

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta haura murabba'in kilomita 6,000, wato ta fi jihar Legas girma nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 250,000, yau kuwa sun ƙaru a kan haka. Ƙasar masara ce da dawa da waken suya, ga zinariya a ƙarƙashinta, ga Gandun Kamuku a cikinta, wanda dajinsa ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara ya kuma dangana da jihar Neja. Wannan daji da a da ake alfahari da shi, shi ne ya zama mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru, har 'yan Ansaru suka sami wurin zama a gabashin masarautar, wajajen Damari. A ƙauyuka da dama na wannan ƙasa, neman sabis aiki ne da ake ware wa lokaci. Akwai dutsen da aka sani, ko bishiyar da aka sani, inda waya ke kama sanda ɗaya idan an ɗaga ta sama. Mai kira yakan tafi da saƙonnin maƙwabta a baki, ya dawo da amsoshinsu. Fita bayan gari a irin wannan wuri kuma kowa ya san abin da take iya jawowa.

Wani ɓangare na wannan duhu talauci ne da nisa suka haifar. Wani ɓangaren kuwa da hannu aka yi shi, da takarda da sa hannu. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe ƙarafunansu a jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar. Katsina ta biyo da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato da 14. A ranar 30 ga Satumba gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta bi sahu a wasu sassan Kaduna, Birnin Gwari na ciki, tare da hana hawa babur da rufe wasu kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Hujjar ita ce 'yan bindiga da waya suke tsara hari, da ita infoma ke tsegunta musu motsin sojoji, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Sai a ƙarshen Nuwamba kwamishinan tsaron cikin gida, Samuel Aruwan, ya sanar da janye matakin.

Hujjar tana da daɗin ji a ofis mai sanyi. Sai dai duk wanda ya taɓa haɗa rauta da hannunsa ya kamata ya gane inda ta karye tun kafin a gama karanta sanarwar. Layin waya hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin aika saƙo, kuma mai kuɗi da makami shi ne ke da sauran hanyoyin. Ɗan bindiga yana da oba-oba wadda ba ruwanta da ƙarfen kowane kamfani. Yana iya sayen wayar tauraron ɗan'adam. Yana da babur da zai kai shi inda sabis yake, kuma babu mai tare shi a daji ya tambaye shi dokar hana babur. Waɗanda ke kusa da iyaka a Sakkwato da Zamfara da Katsina sun koma layukan Nijar. Wanda ba shi da hanya ta biyu shi ne manomin da ya hango ayarin babura a gefen gona yana son ya gaya wa ƙauyen gaba, da matar da naƙuda ta zo mata da gardama, da ɗan sa-kai da ke neman ɗauki, da iyalin da aka ɗauke musu mutum, waɗanda sai sun yi tafiya mai haɗari zuwa wani gari kafin su ji ko yana da rai. A tsakiyar Oktoban wannan shekara, layi na kashe, aka afka wa kasuwar Goronyo a Sakkwato aka kashe mutum fiye da 40.

Kuma ba a rasa darasi ba tun da farko. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an kashe layukan waya da wannan hujja ɗin dai. A watan Yuli aka kashe ɗalibai a makarantar kwana ta Mamudo da ke Yobe, kuma bayan haka gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, da kansa ya nemi a maido da layi, domin mutanen da suka ga motsin da ba su yarda da shi ba sun rasa yadda za su sanar. Shekara takwas bayan nan aka sake ɗauko maganin nan daga kwalbar da aka riga aka ɗanɗana. Gwamnatocin 2021 sun ce matakin ya taimaka wa jami'an tsaro. Mai yiwuwa ya taimaka a wani samame ko biyu. Amma wanda ya rufe bakin mutum dubu ɗaruruwa wata biyu, a kansa hujja take, ba a kan wanda aka rufe wa baki ba.

A nan ne laifin masu rauta yake, kuma shekarar 2021 ɗin ce shaida a kansu. A watan Yunin wannan shekara gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter. Cikin kwana ɗaya duk mai ilimin na'ura a ƙasar nan ya zama malamin VPN, yana koyar da yadda ake zagaye shingen. An yi rubuce-rubuce, an yi muhawara a gidajen talabijin, an kai ƙara Kotun ECOWAS, wadda a Yulin 2022 ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Daidai ne da aka yi haka. Amma kusan wata huɗu bayan rufe Twitter, aka kashe wa Birnin Gwari komai: kira da saƙon tes da banki da intanet ɗungurungum. In ban da 'yan ƙungiyoyin kare haƙƙin sadarwa da suka yi magana, abin da aka fi ji daga 'yan bokon Arewa shi ne tafi, ko shiru, ko nasihar cewa a yi haƙuri domin tsaro. An toshe manhaja ɗaya da 'yan birni ke hira a kanta, aka kira shi zalunci. An yanke wa masarauta guda harshe, aka kira shi dabara. Kotun ECOWAS ɗin nan tun a Yunin 2020 ta yanke hukunci a kan Togo saboda kashe intanet da ta yi a 2017, wato makamin shari'a yana nan a ajiye. Masu ɗaukarsa ne ba su ga dalili ba, tunda rautarsu tana ci gaba da ƙyafta koren ido.

Janye umarni kuma ba ya nufin sabis ya dawo. Ƙarfen sabis a karkarar Nijeriya yana rayuwa ne da dizal da batir da mai gadi da injiniyan da zai zo gyara. Idan aka kashe shi wata biyu a wurin da tankar mai ba ta iya shiga ba tare da rakiya ba, ana iya dawowa a tarar babu batir, babu janareto, babu wayoyin tagulla. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne: zai auna abin da ƙarfen ke kawowa daga manoma masu sa katin ɗari biyu, ya auna kuɗin gyara da haɗarin sace ma'aikacinsa, ya ga lissafi bai fita ba. Shi ya sa sassa da dama na masarautar suka daɗe cikin duhu bayan an ce an buɗe. Kashewa takarda ɗaya ta ishe ta, kunnawa kuwa sai an sake zuba jari.

Ana cikin haka gwamnati ta ci gaba da kwashe rayuwar ɗan ƙasa tana ɗorawa a kan intanet. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. A farkon 2023 canjin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har da mai sayar da buhun masara a kasuwar da ba ta da sanda ɗaya ta sabis. A zaɓen wannan shekara aka ce za a ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet daga inda aka kaɗa ƙuri'a. An rufe tsohuwar ƙofa, sabuwar kuma mabuɗinta yana Kaduna.

Yadda aka kai ga wannan shiru ba sabon labari ba ne. Da ruwan famfo ya ƙafe, mai hali ya haƙa burtsatse. Da wutar NEPA ta gaza, ya sayi janareto, daga baya ya koma sola. Da makarantar gwamnati ta lalace, ya kai yaransa ta kuɗi. Kowane mataki a kan kansa hankali ne, babu mai cewa mutum ya zauna da ƙishirwa don nuna kishin ƙasa. Amma kowane mataki yana fitar da mai murya daga layin masu kuka, ya bar waɗanda kukansu ba ya isa ko'ina. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, sadarwa ma ta shiga wannan jerin. Mai faranti a rufi ya daina zama abokin wahalar kowa. Ko ƙarfen unguwarsu ya faɗi, ko gwamna ya sa an kashe layi gobe, shi sama yake kallo.

Abin da ya sa wannan ya fi na burtsatse ciwo shi ne, kayan da suke wasa da su a falo su ne ainihin kayan da ake haɗa ƙauyuka da su a wasu ƙasashe. Tsarin ba shi da wani sirri. Ana bukatar tushe guda na intanet a wuri mai ɗan tsaro, misali harabar asibiti ko makarantar sakandare a cikin gari, ko farantin tauraron ɗan'adam ne ko reshen fayiba. Daga nan ana harba sigina da ƙananan rediyoyi masu kama da faranti, irin na kamfanin Ubiquiti ko MikroTik, waɗanda ke aiki a mitar gigahaz 5. Biyu daga cikinsu, idan suna kallon juna babu abin da ya shiga tsakani, suna iya ɗaukar megabit gommai a tazarar kilomita 10 zuwa 20, kowanne yana cin wutar da ba ta wuce ta ƙwan fitila ba. A ƙauyen da siginar ta sauka sai a sa rauta ta waje, mai jure rana da ruwa, a bakin kasuwa ko asibitin sha-ka-tafi. Duk mai wayar da ke kama Wi-Fi zai iya kira da tura kuɗi ba tare da ƙarfen kowane kamfanin waya ba.

Lissafin wutar ma ba ya ba da tsoro. Farantin Starlink na gida yana cin wat 75 zuwa 100. A ƙara rediyoyi uku ko huɗu da rauta, duka a ce wat 150. A yini da kwana wannan ya kama kilowat-awa 3.6, abin da farantan sola uku masu wat 400 da batirin lithiyum guda mai kyau za su ɗauka a ranar Birnin Gwari. Wato cibiyar da za ta ba ƙauyuka uku ko huɗu murya tana shan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da katin hoton nan mai wat 575 ke sha don a harbi dodanni a allo. Kuma tunda kiran murya bai kai kashi ɗaya cikin goma na megabit ba, layin megabit 100 ɗin da ake rainawa a Gwarinpa zai ɗauki kiran mutum ɗaruruwa a lokaci guda.

Ba a Turai kaɗai aka taɓa gwadawa ba, ko da yake can ma an yi: guifi.net ta yankin Kataloniya a Sifen ta faro ne a 2004 daga mutanen karkara da kamfanoni suka ƙi kai musu layi, ta girma ta kai mahaɗa dubu gommai. A Mankosi, wani ƙauye na Gabashin Kef a Afirka ta Kudu, jama'a suna tafiyar da tasu mai suna Zenzeleni a matsayin ƙungiyar gama-kai. Mafi kusa kuwa, a cikin jihar Kaduna ɗin nan, gidauniyar Fantsuam ta kafa irin wannan hanyar sadarwa a Kafanchan tun shekarun 2000, mai suna Zittnet, lokacin da kayan suka ninka na yau tsada, intanet ɗin ma ta tsohon tauraron ɗan'adam ce mai tafiyar hawainiya. Abin da aka iya yi a kudancin jihar kusan shekara ashirin da suka wuce, da kayan da yau yaro zai raina, ba za a ce ya gagari yammacinta ba. A Kano cibiyar CITAD ta shafe shekaru tana horar da matasa a kan wannan aiki, tana kuma neman a fitar da tsarin lasisi na musamman domin hanyoyin sadarwar al'umma. Kenya ta fitar da nata a 2021. A nan ana ta tarurruka.

Za a ce, kuma an saba cewa, ai 'yan bindiga za su amfana. Amsar ita ce sun riga sun amfana, ba su jira kowa ba. Mutanen da ke fitowa a TikTok suna baje kuɗin fansa a gaban kyamara ba su da matsalar data. Rahotanni daga yankin Sahel sun nuna ƙungiyoyi masu makami suna amfani da farantan Starlink da aka yi fasa-ƙwaurinsu. Tambayar da ta rage ita ce ko wanda ake farauta shi ma zai sami abin da mafaraucin ya daɗe da mallaka. Batun infoma gaskiya ne, akwai su, kuma sun yi ɓarna mai yawa. Amma infoma mutum ɗaya ne a cikin ɗari, kuma hanyar da ke da rajista, wadda mutanen gari suka san wanda ya hau ta da lokacin da ya hau, ta fi saƙon da aka aika ta bakin ɗan acaɓa sauƙin bibiya.

Ƙalubalen da ya fi wannan nauyi shi ne wanda masu goyon bayan irin wannan aiki ba su cika son ambata ba. Farantin sola da batir dukiya ce a idon ɓarawo. Doguwar hasumiya a ƙauye tana iya jawo wa ƙauyen ido, har a ɗora masa haraji ko a zarge shi da haɗa baki da sojoji. Ɗan birnin da zai zo ya kafa kaya ya ɗauki hoto ya koma, ya bar mutane da abin da zai biyo baya, gara bai zo ba. Wannan aiki sai da yardar dagaci da mai unguwa da fadar Sarki Malam Zubairu Jibril Maigwari II, sai an fara daga inda akwai jami'an tsaro a kusa, sai kuma an horar da ɗan gari wanda zai hau ya gyara ba tare da an jira wani daga Kaduna ba. Shi ma Starlink ba abin dogaro ba ne har abada. Kamfanin mutum ɗaya ne da ke Amurka, farashinsa na bin dala, kuma a Oktoban 2024 ya nemi kusan ninka kuɗin wata har sai da NCC ta tsawatar. Yarjejeniyar layinsa na gida ba ta yarda a sake sayar wa wasu ba, dokar ƙasa ma tana bukatar lasisi ga mai sayar da intanet. Tsani ne na wucin gadi kafin fayiba ta iso. Waɗannan matsaloli na gaske ne, sai dai dukansu irin waɗanda ake warwarewa ne da ilimi da naci da sanin ƙofofin ofisoshi, abubuwa ukun da rukunin masu rauta ya fi kowa tarawa.

Za kuma a ce aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma wannan ya ƙara nauyin da ke kansu ne. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai layi inda kasuwa ba za ta kai ba, ana zuba masa wani kaso na harajin da kamfanonin waya ke biya, wanda a ƙarshe daga katin kowa yake fitowa. Tsarin intanet mai sauri na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kaiwa kashi 70 cikin ɗari, da megabit 10 a karkara. Wa'adin ya cika adadin yana kewayen rabi. Gwamnatin Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne fayiba tun 2020. Gwamnatin tarayya ta yi shelar shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000. Manomin Randagi ko Kuyello ba zai iya karanta waɗannan takardu ya tambayi kilomita nawa ne rabon hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba. Wanda ya kwana uku yana kwatanta rautoci biyu a intanet kafin ya sayi ɗaya zai iya. Zai iya amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya nemi jerin ƙarafunan da ke masarautar, wanne ke aiki, wanne ya mutu, tun yaushe. Zai iya matsa wa ɗan majalisarsa a yi dokar da za ta hana kashe wa jama'a layi sai da izinin kotu da wa'adi da bayani a bainar jama'a. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta daɗe tana fitar da sanarwa a kan halin da ake ciki. Sanarwa da taswira a maƙale da ita, mai nuna gari-gari inda sigina ta tsaya, ta fi wuyar turawa ƙarƙashin fayil.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka ƙulla sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Ra'ayoyi sun bambanta a kan sulhun, kuma masu shakka suna da tarihin Zamfara da Katsina a hannunsu. Amma ko mai shakka ya yarda cewa hanya ta ɗan buɗe, motocin hatsi da na shanu suna shiga suna fita. Ciniki na miliyoyin naira a kasuwar da POS ke wahalar kamawa yana nufin tsabar kuɗi a cikin buhu a kan hanyar da ta ratsa daji, wato an dawo da kasuwa an kuma dawo da abin da ke jawo ɓarawo. Idan akwai lokacin da injiniya zai iya shiga da na'urar awo ya fito lafiya, wannan ne, kuma babu wanda ya san tsawonsa.

Aikin farko ma ba ya bukatar sayen komai. Taswirar tudu da kwari ta duk yankin tana nan kyauta a intanet, kuma kamfanonin da ke ƙera rediyoyin suna da manhajojin da ke zana layi tsakanin wuri biyu su faɗi tsawon hasumiyar da ake bukata. A tazarar kilomita 10, siginar gigahaz 5 tana son fili na kimanin mita bakwai a ƙarƙashin layinta a tsakiyar hanya, ban da tsawon itatuwa, shi ya sa duwatsun da mutane ke hawa neman sabis su ne wuraren da ya kamata a fara aunawa. Mutanen gari sun riga sun gano su da ƙafafunsu. Sai dai mai awo ya kiyaye da ganye, domin ɗanyen ganye yana shanye wannan mita. Layin da aka gwada a watan Maris, itatuwa sun kaɗe, yana iya mutuwa a watan Agusta idan daji ya rufe, don haka tsawon hasumiya da ganyen damina ake lissafa shi.